Dabinon Bakin Rariyarmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke cikin ƙirji tun kafin baki ya furta.

Zuwa ga Hure, sanyin idona, hasken tsakar gidana, inuwar da nake gudowa in rana ta take! Hure 'yar Baba Hadi, mai tafiya a hankali kamar tana tausayin ƙasa, mai murya kamar saukar ruwan farko a kan rufin ciyawa, ke da sunanki kaɗai yake jiƙa mini maƙogwaro a shekarun nan da rijiyoyi suka ƙafe. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan, da fatan kin tashi lafiya, ke da Baba da Inna da duk mai shan ruwa a randar gidanku. In kin tambayi labarina, alhamdu lillahi, ina nan da rai. Ban ce miki ina lafiya ba, don ban saba yi miki ƙarya ba.

Ƙanenki Badaru ya iso jiya da hantsi. Ya zauna a zaure yana ta murza hularsa, ya gaishe ni ya sake gaishe ni, ya tambayi gona, ya tambayi akuya, har sai da na ce masa ya sauke abin da aka ɗora masa kafin ya karya masa wuya. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce kin ce in ba ki takardarki, in sauwaƙe miki, in nemi wadda za ta cika mini gida da 'ya'ya. Haba Hure! Haba 'yar mutan fadama! Takarda kike so? To ga takarda na rubuta, da wannan karkataccen bokon nawa na yaƙi da jahilci da kike yi wa dariya, amma ba wadda kika aiko a karɓa ba ce. Waccan hannuna ba zai rubuta ta ba, bakina kuma ba zai furta ta ba. Ki karanta wannan har ƙarshe, shi ne kaɗai abin da nake roƙo yau.

Na gaji, Hure. Gara in faɗa miki tun da wuri, kada ki zaci wani jarumi ne yake miki rubutu. Na gaji da jan guga a rijiyar da sai an ƙulla igiya a kan igiya kafin a taɓa laka. Na gaji da kallon gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin kamar da gaske, iska ta taso ta watsa shi ta bar mu tsaye da baki buɗe. Na gaji da shuka gero ya fito ya ƙone, a sake shukawa ya sake ƙonewa, har iri ya ƙare a rumbu. Na gaji da tuwon da nake tuƙawa da hannuna, wanda ko kajin gidan nan sai sun yi shawara kafin su tsattsage shi. Amma wannan duk gajiyar jiki ce, kowane magidanci daga nan har Makoɗa yana ɗauke da irinta. Wadda ta fi ƙarfina ita ce in dawo daga gona in yi sallama a ƙofar gidana, babu mai amsa mini sai akuya.

Kin tuna yammacin da na fara zuwa zance ƙofar gidanku? Na sha rigar aro, na sha turare har sai da ƙannenki suka riƙa toshe hanci, na tanadi maganganu tun daga hanya, kina fitowa kuwa duk suka gudu suka bar ni. Faifai kika ajiye a gabana, da dabinon bishiyar Babanki, wadda ke bayan gida ta wajen fadama. Wayyo zaƙi! Har yau in na runtse ido ina jin sa a harshena, ban sani ba ko na dabinon ne ko na wadda ta kawo shi. Kunya ta hana ni tofar da ƙwallayen a gabanki, sai na riƙa zura su a aljihu ɗaya bayan ɗaya, kina kallona ta gefen mayafi kina danne dariya. Da na koma gida na kasa zubar da su. Yaya zan zubar da abin da ya fito daga hannunki? Na zuba su a gwangwani na ɗora a kan katanga.

Bayan kin tare, kina share-share kika ci karo da gwangwanin. Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce ashe mahaukaci aka ba ki ba a faɗa miki ba. Sannan kika ce mu shuka. Ke kika zaɓi wurin, bakin rariya, inda ruwan wanke-wanke da na alwala yake fita ya bi gindin katanga, kika ce a gidan talaka nan ne kaɗai damina ba ta ɗaukewa. Muka binne su duka, guda ɗaya ya fito, wani siririn ganye tsaye kamar ciyawa, wanda da ban san da shi ba da na nome shi. Na ce wannan ne dabinon? Kika ce ni ma ai ba da gemu aka haife ni ba.

Wa ya raine shi in ba ke ba? Ke kika kewaye shi da ƙayar magarya saboda awaki. Ke kika kafa masa guntun zana ta yamma, don ranar la'asar ta fi ta hantsi mugunta ga ɗan itace. Ke kika binne tsagaggen tulun nan a gefensa har wuya, kina cika shi yana tsatsa wa saiwa a hankali, kika rufe bakin da sakaina. Kika lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa don kada ƙasa ta bushe da wuri, kika barbaɗa toka saboda gara. Kika kafa mini doka a gidana, ni da nake maigida: ba a zuba masa ruwan sabulu, ba a ba shi ruwa da tsakar rana, sai da sassafe ko in inuwa ta miƙe. Ƙasarin da kike wanke gero da shi ma raba shi kike yi biyu, rabi na akuya, rabi nasa. Da farin nan ya tsananta, mata suna kwana biyu ba su ga ruwan wanka ba, ke a kan kwano kike alwala, ki tara abin da ya ɗiga ki kai masa. Na sha tsayawa daga zaure ina kallonki tsugune a gindinsa kina masa magana ƙasa-ƙasa, in ji wani abu ya cika mini ƙirji wanda ban san sunansa ba. Ban taɓa faɗa miki ba, yau na faɗa.

Da ya fara tasawa, mun ga alamu, Hure, mu biyun duka mun gani, muka yi kamar ba mu gani ba. Dabinon Babanki ganyensa toka-toka ne, a sandare, yana kallon sama. Namu kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, zarɓarsa, dogon reshen nan nasa, tana lanƙwasowa ƙasa kamar mace ta sunkuya gaisuwa. Na Babanki gangar jikinsa kauri gare ta, a miƙe sak. Namu siriri, ya ɗan karkata gefe guda kamar yana leƙen maƙwabta. Ƙayar gindin zarɓarsa doguwa ce, ruwan ɗorawa, ta sha huda mini hannu. Masu wucewa suna tsayawa su yi ta musu ta saman katanga, wannan ya ce kwakwa ce, wancan ya ce ai wani irin dabinon Makka ne. Giginya da goriba dai kowa ya san ba su ba ne, tunda su ganyensu a baje yake kamar mafici. Ke kuwa kika ce ƙoshi ne ya canja masa kama, ɗan gata ne, bai san wahala ba. Na yarda, don ni manomin gero da gyaɗa ne, me na sani game da dabino in ban da cinsa?

Shekaru suka yi ta tafiya, shi yana girma, ɗakinki shiru. Ba sai na tuna miki ba. Jiƙe-jiƙen da kika sha, rubutun da kika sha, sunayen da kika je na 'ya'yan ƙannenki kika dawo kina murmushin da bai kai ido ba. Wata rana kin dawo daga irin wannan suna, ko mayafi ba ki cire ba, kika zauna a gindinsa kika ce ranar da ya yi 'ya'ya, ke ma Allah zai dube ki. Na ce miki itace itace ne, haihuwa kuwa ta Allah ce, kada ki ɗaura ranki a jikin zarɓa. Kika ce in bar ki da abinki. Na bar ki, don na ga shi ne kaɗai abin da yake sa ki tashi da safe da kuzari.

Sai ga fure bara, a tsakiyar yunwar nan, lokacin da rabin mazan garin suka tafi cin rani, mu da muka rage muna haɗa tafasa da dusa. Ranar da kika ga kwanson furen ya tsage kin yi guɗa har maƙwabta suka fito da gudu. Aka ce mana mace ce, sai an kawo mata furen namiji an kaɗa mata, in ba haka ba 'ya'yan zubewa za su yi. Na ɗauki keke na tafi har Dambatta neman mai namijin dabino, na samo, na hau na kaɗa na ɗaure yadda aka kwatanta mini, na sauko duk jikina ƙaya, kina cire mini kina mini sannu kina dariya. Ashe dariyar ƙarshe ke nan da zan ji a gidan nan! 'Ya'ya suka kama, zangarniya har ta yi nauyi. Muka zuba ido su kumbura. Suka yi ruwan goro, kyakkyawa kamar a zana a jikin kwano, amma ba su fi magarya girma da wani abin kirki ba. Kika ce a ƙara musu lokaci. Aka ƙara, har suka fara zubowa da kansu.

Ranar da muka sauke, mata sun cika tsakar gida, kowa yana son ya ɗanɗana dabinon Hure. Ke kika riƙe faifan, kika fara miƙa wa Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifina, don ita ce babba. Ta ɗauka ta gatsa. Fata ce kawai a kan ƙwallo, sai bauri mai kama harshe. Ta tofar, ta goge baki da gefen zane, ta ce ashe shi ma na ado ne, gidan nan dai an iya tara kayan kallo. Shi ma! Kalma biyu, Hure, kuma ina tsaye a bakin zaure na ga inda suka same ki. Ba ki yi kuka ba. Da ma kin yi! Kika ajiye faifan a ƙasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, kika shiga ɗaki. Na yi wa Gwaggo maganar da ban taɓa yi wa babba ba, har yau dangi suna riƙe da ni a kanta, amma me ta gyara? Ba a yi mako ba kika ce za ki je ganin gida. Na raka ki bakin hanya ina ɗauke da ƙullin kayanki, ina jin nauyinsa ya fi na mai kwana biyu, na kasa tambaya.

Na zo biko, kin sani. Kina cikin ɗakin Inna kina jin muryata, kika ƙi fitowa, ruwa ma a hannun Badaru aka aiko mini. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya faru bayan nan, kuma shi ne dalilin takardar nan. Na zo da zarɓa guda da 'ya'yan a ɗaure a bayan keke, ni kaina ban san dalili ba, wataƙila don in sami abin riƙewa a hannu. Baba Hadi ya gani, ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan gida muka zauna a gindin uwar dabinon. Ya karɓi zarɓar ya shafa ganyen da babban yatsa, ya gwada ta da ta bishiyarsa, ya duba ƙayar, ya fasa ɗa guda da haƙori ya juya ƙwallon a tafin hannu. Ya tambaye ni wace shekara na fara zuwa zance. Na faɗa masa. Sai ya yi salati, ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta.

Ya ce a shekarar ne farin farko ya kashe namijin dabino guda ɗaya tak da ke garinku. Furen macen ya buɗe, shi kuwa fure ba ya jiran kowa. Sai ya yi abin da ya ga mahaifinsa ya taɓa yi: ya gangara fadama ya yanko furen namijin kajinjiri, ɗan'uwan dabinon nan na daji da yara ke kira dabinon biri, ya kaɗa wa bishiyarsa. In an yi haka, in ji shi, dabino yana nuna lafiya lau, da zaƙinsa da komai, mai ci ba zai taɓa ganewa ba. Amma ƙwallon ciki ya riga ya ɗauko uba. Duk wanda ya shuka shi, ruwa biyu zai samu, tsayi na uwa, ganye da 'ya'ya na uba, kyau kamar me, ci babu. Ya ce shi ya sa masu dabino ba sa shuka ƙwallo, ɗan da ya tsiro a gindin uwa suke cirewa su dasa. Ya dube ni ya ce, da mun tambaye shi! To ta ina za mu tambaya? Ke 'yar fari ce, ko sunanki ba ya kamawa, ba ya haɗa ido da ke, ni kuma suruki, in na hango shi a hanya ratsewa nake yi. Kunya ta sa muka yi ta ban ruwa shekara da shekaru, mai amsar yana zaune a gindin bishiyarsa. Kunyar ce kuma ta sa har yau bai iya kiran ki ya gaya miki ba, ya ce ni in san yadda zan yi.

To kin ji, farin watana. Itacen nan tun yana ƙwallo a cikin faifanki aka gama rubuta abin da zai zama, tun kafin a ɗaura mana aure, tun kafin ki san ɗakin da za ki zauna. Ina ruwansa da cikinki? Wane saƙo zai kawo miki daga Ubangiji, shi da bai san kansa ba? Kuma ki tsaya ki ji wannan da kyau, don na daɗe ina juya ta a raina a bakin rijiya. Uwar dabinon lafiyarta ƙalau, ga ta can tana ciyar da gidanku har a shekarar yunwa. Ta wajen uban aka samu abin da aka samu. To wa ya gaya wa Gwaggo Larai, wa ya gaya miki, cewa shirun ɗakinmu daga gare ki yake? Wa ya auna ni? Ke kika sha ɗaci, ke kika sha rubutu, ke kika sha baƙar magana, ni ko tambayata ba a taɓa yi ba. In na sake ki na kawo wata, ita ma ta zauna shiru, sai in sake ta in kawo wata? Sai yaushe? Ni ban ga wannan ƙarfin a jikina ba, ban kuma ga wannan zuciyar ba. Wadda nake da ita guda ɗaya ce, kin tafi da ita a ƙullin kayanki.

Ba zan ce miki ba na son ɗa ba, kin san ni. In na ga sa'o'ina suna tafe gona da yara a bayansu ɗauke da fartanya, nakan kau da kai. Amma na auna, Hure, na auna da mudun da ba ya ha'inci, tun da kika tafi ba ni da aikin da ya wuce aunawa. Gida babu ɗa, na zauna a cikinsa shekaru, na ci na sha na yi dariya. Gida babu ke, watanni kawai na yi, ga shi har na fara magana da akuya. In Allah ya ba mu, mun gode. In ya hana, to ya hana mu tare, mu tsufa muna faɗa a kan gishirin miya.

Wani malamin gona ya biyo ta nan kwanaki yana duba abin da ya rage na gyaɗa, ya hango itacen ta saman katanga ya tsaya cak. Ya ce irinsa ake nema a dasa a ƙofar manyan gidaje a birni, don ado kawai, wai yana jure rana fiye da sauran, kuma samun mai kyau irin wannan sai an dace. Na ce masa ya kalla iya son ransa, kallo kyauta ne. Na so a ce kina nan kika ji, ke da aka ce kin ɓata ruwa. Gwaggo ma ta zo. Ba ta iya ba da haƙuri ba, kin san ta, bakinta bai taɓa koyon wannan ba. Ta kawo mini fura, ta yi ta faɗa a kan dattin tsakar gida, da za ta yi alwala kuwa sai na ga ta ɗauki buta ta je gindinsa ta tsuguna a can ta yi. Ta tashi tana gunaguni wai nan ne kawai inuwa.

Amma yana shan wuya, ba zan ɓoye miki ba. Rariyar gidan gwauro me take fitarwa? Kwano ɗaya nake wankewa, tukunya ɗaya, alwalar mutum ɗaya. Ƙasari babu, tunda ba kullum ake samun geron wankewa ba. Bakin rariyar da kika sani da danshi da ɗan gansakuka yanzu ya tsattsage. Mai unguwa ya ƙayyade wa kowane gida abin da zai ɗiba a rijiya, ban ga laifinsa ba, kuma an fara yi mini magana a masallaci, wai mutane ba su sha ba ana shayar da kayan kallo. Daga rabona nake ba shi, ba daga na kowa ba, na faɗa musu. Duk da haka zarɓar ƙasa ta yi rawaya, ina yanke wadda ta bushe, ta saman ma ta fara sakin jiki. Ina cika tulun da sassafe yadda kika koya mini, in tsaya ina jin yadda ƙasa ke zuƙe shi, in ce masa ya yi haƙuri. Ban san me kike gaya masa ba da yake jin maganarki, ni tawa ba ya ji.

Ki dawo, Hure. Ki dawo, ruwan sanyin raina, ki dawo ko don ki yi mini faɗa a kan yadda na bar ɗakinki. Ba ni da abin da zan yi miki alkawari da shi, rumbu kin san yadda yake, sama kuma kin ga yadda take. Ba zan ce miki baki zai daina magana ba, mutane ne. Abin da nake da shi dai shi ne wanda kika sani: ni, da gajiyata, da bakin zauren da zan tsaya in tare miki duk wanda ya kawo maganar banza, ko da wanda ya goya ni ne. Ashe wannan bai isa a zauna ba? Ashe sai da ɗa mace take zama mutum a gidan da ta share, ta raya, ta shayar da ruwan alwalarta?

Yau da asuba, Badaru yana shirin komawa, na duba gindin itacen na ga abin da Baba ya kwatanta, ɗa ya tsiro a jikin uwar har ya yi saiwarsa. Na sa dagi na raba su, na shafa wa uwar toka a wurin yankan, na ɗaure ganyen ɗan wuri guda, na dafe saiwar da laka na naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Shi ne Badaru zai miƙa miki tare da takardar nan. Kada ki sa rai, dabino ba zai taɓa yi ba, irin uwarsa zai zama sak, yanzu mun sani, babu wanda zai ce an yaudare shi. Ki ajiye shi a inuwa, ki riƙa yayyafa wa buhun ruwa, kada ki kwance ganyen. Amma ba ya daɗewa a buhu, 'yan kwanaki ne, dole ya shiga ƙasa ko ya mutu.

In kin dasa shi a bakin rariyar Inna, Badaru zai gaya mini, zan gane amsarki, zan kuma yi shiru. Ko a hakan takardar da kika nema ba za ta fito daga hannuna ba, sai dai ki kai ni gaban alƙali, in je in zauna in ce masa ina son matata. In kuwa kin ga dama, ki riƙo shi ki taho. Na haƙa masa rami a gefen uwarsa, na zuba taki da toka, na rufe bakin da tsohon faifai saboda kaji. Ba zan cike shi ba.

Ni ne naki, jiya da yau da ranar da za a ɗauke ni a makara,
mijinki da bai sake ki ba,

Muntaka